Jarumai 60 ko labari mai tsawo: wanne ya fi cancantar kuɗinmu a gem ɗin faɗa?

Abba PS2: Assalamu alaikum 'yan gida. Jiya da daddare saura ƙiris mu ɓata da ƙanina, shi ya sa na kawo maganar nan a raba mana. Mun haɗa kuɗi, faifai ɗaya kacal za su iya saya. Shi dai idonsa na kan gem ɗin da ya fi yawan jarumai, wai idan ka buɗe allon zaɓe ka ga fuskoki sun cika shi maƙil, to kuɗinka sun yi rana. Ni kuwa na ce masa fuskoki ba sa hana mutum kaɗaici. Yawancin lokaci ni kaɗai nake bugawa bayan isha'i, babu abokin karawa, sabis ɗin unguwarmu kuma kun san halinsa. Abin da nake nema shi ne gem mai labari, mai hasumiyar hawa, mai abin buɗewa. To ku da kuka daɗe a harkar, wanne ya fi?

Ɗan Kwambo: Wa alaikumus salam. Ƙaninka ya fi ka gaskiya, a rufe magana. Gem ɗin faɗa don ka doki mutum aka yi shi, ba don ka zauna kallon fim ba.

Abba PS2: To idan babu mutumin fa?

Ɗan Kwambo: Ka nemo shi. Gari ya cika da mutane.

Baba Mai Gidan Gem: Abba, bari in gaya maka abin da idona yake gani, tunda na kai shekaru ina zaune a bakin ƙofar shago ina karɓar kuɗin yara. A wajena ba wanda zai biya kuɗi ya zauna kallon labari. Zai ma fara? Na bayansa suna tsaye suna jiran hannu, wanda aka ci ya miƙa ya koma layi. Idan ka ji haka za ka ce na goyi bayan ƙaninka. Amma tsaya. Duk yawan fuskokin nan, yaran nan mutum nawa suke ɗauka? A Mortal Kombat, Scorpion da Sub-Zero, sai Liu Kang, wani lokaci Raiden ko Kung Lao saboda hularsa. A Tekken kuwa Eddy, Hwoarang, Paul, Law, King. Shi ke nan. Sauran suna nan kamar kayan ado a kabet ɗin amarya, ana gani ba a taɓawa. Akwai wani yaro da bai fi shekara tara ba, ya ɗora hannun gem a kan cinyarsa, yatsu biyu a kan X da O, yana ta dannawa ko kallon allo ba ya yi sosai, Eddy yana ta juyi a ƙasa kamar gardi. Ya kori manya uku a jere. Ranar ce na kafa doka da bakina: ba a ɗaukar Eddy sai an yi yarjejeniya.

Ɗan Kwambo: Baba, wannan ai laifin manyan ne da ba su iya tare ƙasa ba.

Yaya Babba: Ni abin da yake ba ni mamaki shi ne yadda aka raba abu biyun nan, har ake tambayar wanne ya fi. A zamaninmu ba a raba su ba. Ku ɗauki Tekken 3 da ya zo PlayStation a 1998. Kana kunna shi da mutum goma za ka fara: Jin, Xiaoyu, Hwoarang, Eddy, Law, Paul, Lei, King, Nina da Yoshimitsu. Sauran duk a kulle suke. Idan kana son Kuma ko Julia ko Bryan ko Heihachi, sai ka zauna kai da na'ura ka yi ta gama wasan da jarumi daban-daban, kowane gamawa ya buɗe maka wani. Mokujin, mutum-mutumin itacen nan da yake kwaikwayon salon kowa, haka muka same shi. Gon kuma ta Tekken Ball, inda ake dukan ƙwallo a bakin ruwa. Shi kuwa tsohon likitan nan Bosconovitch, wanda ko tsayuwa da ƙafafunsa ba ya iyawa sai ya faɗi, sai ka gama Tekken Force har sau huɗu, kana tara makullai, kana neman kaza ka ci don jininka ya dawo.

Kun ga ke nan wasan mutum ɗaya shi ne hanyar zuwa wajen jarumai. Wahalar da ka sha ita ce farashinsu. Shi ya sa memori kad, ɗan katin da ake ajiye ci gaban wasa a ciki, ya zama dukiya. Na tuna nawa, ina naɗe shi a leda in sa a aljihun gaba, in na je gidan aboki in zare in soka, allon zaɓe ya cika, kowa ya yi shiru. Ranar da wani ƙanina ya goge shi bisa kuskure don ya ajiye wasan ƙwallo, sai da mahaifiyarmu ta shiga tsakani.

Yanzu kuwa jarumin da a da za ka buɗe da gumi, kati za ka sa ka saya.

Baba Mai Gidan Gem: Wallahi Yaya ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Tekken 8 ya fito a Janairun 2024 da mutum 32, babu Eddy a ciki. Shi ne na farko da aka sayar daban daga baya. Yara suna zuwa suna leƙa allo suna cewa "Baba ina Eddy?" kamar ni na ɓoye shi a ƙarƙashin benci.

Ummi Chun-Li: Ina ta karantawa ina dariya, domin duk maganarku ta masu zuwa gidan gem ce. Ɗan Kwambo ya ce "ka nemo shi, gari ya cika da mutane". Ni ina zan nemo shi? Kuna ganin zan sa hijabi in je in tsaya layi a shagon Baba ina jiran hannu? Na'urar yayana ce a falo, idan ya tafi aiki nake samu. A wajena abin da kuke kira ƙari shi ne gem ɗin gaba ɗaya.

Kuma ba kallon fim ba ne kamar yadda ake faɗa. Street Fighter 6 da ya fito a Yunin 2023 mutum 18 kawai ya zo da su, amma akwai World Tour a ciki. Ka ƙirƙiri naka mutumin, a sake ka a titunan Metro City, Luke ya fara koya maka, ka je unguwar 'yan Sin ka sami Chun-Li ta ɗauke ka almajiri. Kusan duk wanda ka gani a titi za ka iya tsokanarsa ku gwabza. Abin da ban gane ba sai daga baya shi ne, ashe darasi ake ba ni a ɓoye. Wani abokin gaba ba ya komai sai tsalle, dole ka koyi kakkaɓo mutum daga sama. Wani kuma tarewa kawai yake yi, dole ka koyi kamawa ka yar. Ban taɓa zama a ɗakin horo na awa guda ba, amma ranar da yayana ya ce mu gwada, sai da ya gyara zama.

Ɗan Kwambo: Anti Ummi, a yi haƙuri, ban yi tunanin wannan ɓangaren ba. Amma ya ci ki ko bai ci ki ba?

Ummi Chun-Li: Ya ci. Uku da biyu. Ka tambaye shi ko ya ji daɗin biyun.

Injiniya: Bari in sa lissafi a maganar, don ana ɗauka ƙara jarumi kamar ƙara kujera ne a ɗaki. Kowane sabon jarumi sai an gwada shi da duk waɗanda suke nan. Idan mutum 16 ne, haɗuwar biyu-biyu 120 ce. Idan 32 ne, ta zama 496. Idan 56 ne kamar Marvel vs. Capcom 2 na shekarar 2000, ta kai 1,540, kuma wannan kafin ka tuna cewa shi uku-uku ake bugawa. Babu kamfanin da zai daidaita wannan. Shi ya sa a manyan gasa na gem ɗin, fuskokin da aka fi gani su ne Magneto, Storm, Sentinel da Cable, yawancin sauran 'yan rakiya ne. Yawan suna daban, yawan waɗanda za su iya kai ka wani waje daban.

Ɗan Kwambo: Injiniya, ka kawo misalin da zai kashe ka da kanka. Marvel vs. Capcom 2 wane labari gare shi? Kusan babu. Amma mutane sun shekara fiye da goma suna bugawa, har yau ana maganarsa. The King of Fighters '98 ma haka, da gangan aka cire labari aka tara yawancin jaruman jerin har da waɗanda suka mutu a labarin baya, kuma da yawa daga masoya jerin suna cewa shi ne gwani. Yanzu ka juya ka dubi Marvel vs. Capcom: Infinite na 2017. Wannan yana da labari mai hotuna kamar fim. Amma babu ɗan X-Men ko ɗaya, babu Wolverine, babu Magneto, babu Storm. Me ya faru? Mutane suka juya masa baya, ko cikin manyan wasannin EVO ta 2018, babbar gasar gem ɗin faɗa, bai shiga ba. Labari bai cece shi ba. Mutum yana zuwa ne don jaruminsa, idan bai gan shi ba ya juya.

Injiniya: Wannan ba yawa ba ne, zaɓi ne. Mutum 30 ya zo da su, ai ba kaɗan ba ne. Waɗanda ake so ne babu.

Yaya Babba: Ɗan Kwambo, tunda misali ake jefawa, karɓi naka. Street Fighter V, Fabrairun 2016. Faɗan kansa ba wanda ya ce ba shi da kyau. Amma ya fito babu ko tsohon tsarin nan na hawa daga abokin gaba zuwa abokin gaba har ka kai ga bos, abin da Street Fighter II yake da shi tun 1991. Ɗan guntun labarin kowane jarumi faɗa biyu ko uku ne, ka gama kafin shayi ya huce. Babban labarin sai tsakiyar shekarar ya zo, tsarin hawan kuwa sai Janairun 2018 da aka fitar da Arcade Edition. Wanda yake buga gasa bai damu ba. Amma wanda ya kai faifai gida ba shi da abokin karawa, me aka ba shi? Suka sha suka a kan haka, kuma ka duba abin da suka yi a Street Fighter 6: kashi ɗaya cikin manyan sassa uku na gem ɗin gaba ɗaya na mai wasa shi kaɗai ne. Ba don Allah suka yi ba, sun gano inda masu saye suke.

Sannan idan yawa ne, wa ya kai Mortal Kombat: Armageddon na 2006 a zamaninsa? Mutum 62 a PS2, kusan kowa da aka taɓa gani a jerin an kwaso shi. Me aka biya da shi? An cire wa kowa salon kisansa na ƙarshe, abin da aka san Mortal Kombat da shi, aka ba kowa tsari ɗaya na haɗa naka da kanka. Salon faɗa da yake uku ga kowane mutum a Mortal Kombat: Deception da ya gabace shi ya koma biyu. In ka gama wasan, ƙarshen labarin jaruminka shi ne ya tsaya a kan dala yana motsa jiki wata murya tana karanto bayani. Tuwo ya yi yawa, miya ta yi kaɗan.

Abba PS2: Kai, Deception! Konquest ɗinsa, sashen labarin da kake tafiya da Shujinko, yana yaro har ya tsufa a hannunka. Har da dara da wasan jera duwatsu a ciki. Wannan shi ne irin abin da nake nufi.

Baba Mai Gidan Gem: In dai labari ne, wanda na taɓa ganin yara sun biya kuɗi sun zauna a kansa shi ne Shaolin Monks. Mutum biyu, ɗaya Liu Kang ɗaya Kung Lao, su yi ta tafiya tare. Har faɗa ake yi a kan wa ya cinye jinin da ya faɗo.

Injiniya: Baba wannan ba gem ɗin faɗa ba ne irin wanda ake magana, na tafiya ne.

Baba Mai Gidan Gem: Sunansa Mortal Kombat ko ba sunansa ba? To bar ni.

Ɗan Damagaram: Gaisuwa daga wannan ɓangaren iyaka. Ni tawa matsalar ba jarumai ba ce, ba labari ba ce, nisa ce. Ana cewa ai yanzu ba ka bukatar maƙwabci, ka shiga intanet ka sami abokin karawa. To wa zan samu? Yawanci wani ne a Faransa ko Sifen. Kafin bugun da na danna ya je ya dawo an riga an ɗaga ni sama. Sabon tsarin da suke amfani da shi, wanda na'ura take hasashen abin da za ka danna ta gyara in ta yi kuskure, ya rage abin sosai, ban musa ba. Amma ba ya maganin sabis da yake yankewa, ba ya maganin wuta da za a ɗauke ana tsakiyar zagaye na uku, a rubuta maka cewa ka gudu.

Don haka ina tare da Abba, sai dai da sharaɗi: a duba ko wasan mutum ɗayan da gaske na mutum ɗaya ne. A Mortal Kombat 11, hasumiyoyin hawa na Towers of Time sai da intanet suke buɗewa, alhali kai da na'ura ne kuke faɗa. Wannan a wajenmu kamar a ba ka ɗaki ne a riƙe makulli. Wanda ya burge ni shi ne Super Ghost Battle na Tekken 8, inda na'ura take koyon yadda mutum yake bugawa ta zama kamar inuwarsa. Ka sauke inuwar wani gwani lokacin da sabis ya yi kyau, ka yi ta fama da ita daga baya. Har taka inuwar za ka iya karawa da ita, ka ga munanan halayenka da idonka. Ni na ga nawa, ashe duk lokacin da na tashi daga ƙasa da shuri nake tashi.

Ɗan Kwambo: Kun ga wannan magana ta inuwa ita ce gaskiyar da nake ta faɗa. Me ya sa aka ƙirƙiro ta? Saboda na'ura ta asali ba ta bugawa kamar mutum. Ko dai ta tsaya kamar gunki ka yi ta dukanta da abu ɗaya, ko ta karanta abin da ka danna ta rama kafin ka ƙifta ido. Wanda ya gama labarin Mortal Kombat na 2011 ya san yadda ake cin bos ɗin ƙarshe, Shao Kahn: ka tsaya nesa, ka jira ya fara zagi da nuna yatsa, ka buga ka gudu. Wannan dabara ce ta cin na'ura, ba ta cin mutum ba. Ka kawo ta shagon Baba ka ga yadda yaro zai yi maka.

Ku dubi Arslan Ash na Pakistan. A 2019 ya ci EVO ta Japan ya zo ya ci ta Amurka a Tekken 7, duniya ba ta ma san ana buga Tekken haka a ƙasarsu ba. A ina ya koya? A shagunan gem na Lahore, kafaɗa da kafaɗa da mutane, irin shagon Baba. Ba labari ne ya koya masa ba.

Ummi Chun-Li: Ba kuma yawan jarumai ba ne ya koya masa. Mutane ne. Ka canza magana ba ka sani ba. Abba bai tambaya ko mutum ya fi na'ura ba, kowa ya san ya fi. Cewa ya yi idan babu mutumin.

Kuma labarin 2011 da ka raina, babi 16 ne, kowane babi da jarumin da za a damƙa maka ko kana so ko ba ka so. Da Johnny Cage ake farawa. Ni da kaina ba zan taɓa ɗaukar Stryker ko Kabal ba, labarin ne ya tilasta min, na kuma ji daɗin Kabal. Ga hasumiyar ƙalubale mai hawa 300. Wato labarin ne yake zagayawa da kai cikin jaruman da Baba ya ce suna zaune kamar kayan kabet. In babu shi, 60 ɗin ma biyar ne.

Yaya Babba: Ƙanwata kin gama magana. Abin da Super Smash Bros. Ultimate ya yi ke nan a 2018, duk da Nintendo ba ta cika yawa a hannun mutanenmu ba. Jarumai sama da 70, amma da takwas za ka fara, sauran sai ka ci su kafin su shigo.

Auta: Ni dai ku bar ni da Dragon Ball Z: Budokai Tenkaichi 3. Mutum 161.

Injiniya: Auta, cire Goku da duk kalar gashinsa, ka cire Vegeta da nasa, ka sake ƙirgawa.

Auta: Yaya ai kowane gashi da ƙarfinsa.

Injiniya: A nan kam zan sassauta. Gem irin na Dragon Ball da Naruto ba don daidaito ake sayensu ba, don ka ga wanda kake so a allo ne, ka maimaita faɗan da ka kalla. A can yawa shi ne kayan. Amma a Tekken, inda mutum ɗaya yake da motsi sama da ɗari, wanda ya ce ya iya mutum 30 ƙarya yake yi, ko uku bai iya ba.

Abba PS2: Na gode muku duka, amma kun ƙara rikita ni. Na karanta wa ƙanina, da aka zo kan maganar Ɗan Kwambo ya yi ta tsalle, da aka zo kan ta Anti Ummi ya ce shi barci yake ji. Abin da na lura shi ne shi yana da abokai huɗu da suke zuwa duk Asabar, ni kuwa nawa duk sun yi aure.

Baba Mai Gidan Gem: To ku zo shago ranar Asabar bayan la'asar, zan tayar da inji ko an ɗauke wuta. Ku buga biyar, wanda ya ci uku shi zai zaɓi faifan. Ba a ɗaukar Eddy.

Abba PS2: Baba wannan ai ba adalci ba ne. Shi kullum da mutane yake bugawa, ni da na'ura.

Ɗan Kwambo: Alhamdu lillahi. Jama'a ku shaida, da bakinsa ya faɗa.

Ummi Chun-Li: Abba kada ka kula shi. Kana da kwana huɗu. Ka zaɓi mutum ɗaya tak, ka koyi tare ƙasa, kuma don Allah in ka faɗi kada ka tashi da shuri irin na Ɗan Damagaram.

Ɗan Damagaram: Ni me na yi kuma aka sako ni?